Bambaron Gonar Audi

Kilomita Biyar, Bangi
Watan Disamba

Zuwa ga ƙanena Mahmudu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Hureira da yara da jikoki. Yaya tarin Hureira? Imrana ɗan unguwarmu da ya dawo daga Kano da atamfofinsa ya ce ya tarar da ita tana yi har tana dafe ƙirji. Allah ya sauwaƙe. Mu nan ƙalau, sai gwiwa, ita kuma tsufa ne, ba ta da magani.

Ka yi haƙuri da rubutun, ka san inda karatuna ya tsaya. Da wayar Ruƙayya zan kira ka, to ba na so, duk abin da na faɗa sai mijinta ya ji.

Na je gonar Audi. Ka tuna ta, ta bayan gadar Mpoko, wadda ya saya shekarar da na haifi Ruƙayya. Tun da rikici ya kore mu daga Miskin aka ƙone gidan muka shigo nan, ƙafata ba ta taka can ba. Shekara tara ke nan. Audi ya rasu yana zancenta. Takardar sayen ta ƙone tare da keken ɗinki da komai.

Za ka ce me tsohuwa za ta yi da gona. Ɗaki guda nake zaune a gidan surukina a Kokoro. Bai taɓa wulaƙanta ni ba, amma zaman gidan suruki ba zama ba ne. Waina nake soyawa a bakin titin Kuduku, kuma shinkafar da nake soyawa ta wasu ce. Ina so in soya tawa. Ina so kuma in na mutu a ce ga abin da Audi ya bari, ba toka kaɗai ba.

Na hau taksi-moto, wato acaɓa, na je. Na tarar an yi girbi. Onorin ce ke noma ta, Kirista ce, gonarta ce ta ƙasa da tamu, can gangare. Ta tsufa kamar ni. Da ta gan ni sai ta ce wali ti Audi, wato matar Audi da yarensu na Sango, ashe ba ki mutu ba. Na ce ke ma ga shi ba ki mutu ba. Ta ba ni ruwa na sha.

Muka je wurin mokonzi, mai garinsu ke nan. Tsohon ya mutu, ɗansa ne yanzu. Ya ce ya san sunan Audi, amma suna ba takarda ba ne, sai da shaida. Ranar ciniki mutum huɗu ne a wurin: tsohon mokonzi, da Audi, da mijin Onorin, da ita Onorin da ta kawo musu abinci. Uku sun tafi. Ya ce dattawa sau ɗaya a shekara suke zama kan maganar gonaki, bayan girbi, to baɗi za a tambaye ta. Kafin nan in noma damina guda, ita ma ta yarda. Ka ga gonata tana bakin matar da ta shekara tara tana cin shinkafarta.

Abin da ya ɓata min rai ba wannan ba ne. Ƙazantar gonar ce. Mahmudu, bambaro ne kwance ko'ina, ƙafa na nutsewa har idon sawu. Na bana a sama, na bara a ƙarƙashi, na bara waccan ya ruɓe ya yi baƙi. Kan shinkafar kawai take yankewa da 'yar wuƙa, sauran ta tattake ta bar shi nan. Ba ƙonawa, ba kaftu. In damina ta zo sai ta soka sanda ta zuba iri. Ga ramukan ɓera, ga gara. Da Baba ya ga wannan da ya ce gonar marayu ce.

Kai ne kake noman shinkafa da damina, alkama da rani. Ka rubuto min yadda kuke yi da bambaro yanzu a Kadawa, ka ba Imrana. Ni na daɗe ban riƙe fartanya ba.

Ka gai da Hureira da kyau. Ka gai da kabarin su Baba da addu'a.

Yayarka,
Suwaiba


Kilomita Biyar
Saura kwana goma azumi

Ƙanena Mahmudu,

Sallama da gaisuwa. Yaya gida, yaya ban ruwa? Allah ya sa alkama ta yi kai. Na ji ka ce tarin Hureira yana tashi ne lokacin da kuke shirin shukar alkama, in an kwana biyu ya lafa. To Allah ya ƙara sauƙi.

Takardarka ta zo, na fahimta. Ka ce in sa wuta, in kafce sau biyu, haka kuke yi. Ka ce ku tsakanin yankan shinkafa da shukar alkama sati biyu ne, ba ku da lokacin jiran bambaro ya ruɓe, in sanyi ya wuce ku alkama ta wuce ku. Ni nan ba alkama, ba abin da ke korata, amma ban tsaya na yi wannan tunanin ba sai yanzu da nake rubutawa.

Kafin in yi, Onorin ta roƙe ni abu ɗaya. Ta ce in yi duk yadda nake so amma kada in sa wuta. Na tambaye ta dalili. Ta ce ba wayo ba ne ya sa ta fara bari, tsoro ne. A shekarun nan duk inda hayaƙi ya tashi masu bindiga suke nufa, sun san akwai mutane. Shanun huɗa kuma babu, Fulani sun gudu da su. Mijinta ya mutu, ba mai yi mata kaftu. Sai ta bar bambaro ta yi ta soka sanda. Shekara uku ciyawa da ɓera suka ci ƙarfinta. Daga ta huɗu sai ta ga ko ruwa ya ɗauke sati biyu shinkafar ba ta laushi.

Na saurare ta amma ban yarda ba. Na ce a raina wannan shimfiɗa ta yi wa gonar, ranar zaman dattawa ta ce ga aikina kwance a kai. Ka san maganar Baba, gonar da ba ta yi hayaƙi ba ba ta da mai ita. A Kura in ka ga hayaƙi ka san Malam wane ya fito sassabe, ba mai sake taɓa masa wuri. Na ce bari in nuna musu matar Audi ta dawo.

Ranar Talata da hantsi na kyasta ashana. Bambaro ya bushe ƙayau, kafin in ja baya wuta ta kai tsakiya. Hayaƙi ya miƙe ya rufe hanyar gari. Sai na ji ihu. Mata suka kwashi yara suka shiga daji, wata ta bar tukunya a kan murhu. Su can hayaƙi ba sassabe yake nufi ba. Ni da aka ƙone wa gida ya kamata in san haka. Mokonzi ya zo da gudu, takalmi ƙafa ɗaya. Da ya ga tsohuwa ce da ashana sai ya zage ni da Sango, ya zage ni da Faransanci, na ce singila, wato na gode.

Onorin ba ta gudu ba. Ta tsaya kan iyaka da ganye a hannu tana kashe duk harshen da ya leƙa wajenta. Da wuta ta mutu ta ce kin gama? Na ce na gama. Ta tafi.

Bayan kwana uku na kai Hussaini mai ƙaramar tarakta ta hannu, shi ma ɗan unguwarmu ne. Ya kafce sau biyu yadda ka ce. Sama da ƙasa ya bi gangaren, wai haka ya fi masa sauƙin juyi. Ƙasar da ta fito baƙa ce wuluk, laushi kamar garin tuwo. Tsutsar tana ce a ciki fal, ta sama ta gasu, ta ƙasa garma ta yanyanka. Shirwa da balbela suka sha biki. Lokacin Audi na san ja ce wannan ƙasa, mai tauri, fartanya na tsalle a kanta. Na ce ƙila toka ce ta rina ta.

Yanzu gonar ta yi fes kamar ta mutane. Sai jiran ruwa.

Allah ya kai mu azumi lafiya. A gai da kowa.

Yayarka,
Suwaiba


Kilomita Biyar
Bayan ƙaramar sallah da sati biyu

Mahmudu,

Assalamu alaikum. An yi sallah lafiya? Allah ya maimaita mana. Ina fata an sussuke alkama. Yaya jikin Hureira?

Ba doguwa ba ce wannan, Imrana gobe zai kama hanya.

Na yi shuka bayan ruwa na biyu. Na uku ne ya zo irin na nan, wanda ba ka taɓa gani a Kura ba, kamar ana juye ganga. Da na je washegari, duk inda tarakta ta bi ruwa ya bi. Kowane layi ya zama kwari, wani har gwiwata. Baƙar ƙasar nan da toka da irin da na zuba, duk sun gangara. Ka san me ke gangare. Yabanyar Onorin ta kai tsawon ɗan yatsa, laka ta binne kusan rabinta. 'Yar rijiyar da take sha, wadda ta ɗebo min ruwa a cikinta, ta cika da toka. Yanzu sai ta je rafi.

Na gaishe ta, ta kau da kai. Na koma gida na ɗauko sauran irina, na dawo na kama soka sanda a gonarta. Kwana uku muna yi. Kada ka ce kirki ne. Ka san dalili, ita ma ta sani. Rana ta biyu ta ce min gwiwarki tana ƙara kamar ƙofar coci. Na ce taki ma ba shiru take ba. Iyakar zancenmu ke nan.

Tawa na sake shukawa da abin da ya rage. Inda ruwa ya wanke, jar ƙasar Audi ce ta fito, na gane ta. Ashe baƙin ba toka ba ne.

Ban ɗora maka laifi ba. Kai takarda ka aiko, ashana a hannuna take.

A gai da yara.

Suwaiba


Kilomita Biyar
Watan Agusta

Zuwa ga ƙanena,

Bayan sallama da gaisuwa, yaya damina, yaya iyali? Mun ga kilishin da ka aiko, yaran Ruƙayya suka cinye, ni ba haƙora. Allah ya saka da alheri. Na ji daɗi da ka ce Hureira ta samu sauƙi. Damina ce ai, ba mai sa wuta.

Ka ce in zuba takin zamani. Na zuba. Ruwa ya zo ya kai wa Onorin. To ka ga na kai mata ƙasa, na kai mata iri, na kai mata taki, saura in kai mata kaina. Ƙasan gonarta inda laka ta kwanta shinkafa ta kai min ƙirji. Tawa siririya, rawaya, kamar gashin tsohuwa. Ruwa ya ɗauke kwana takwas, ganyenta ya nannaɗe, ƙasa ta yi ɓawo ta tsattsage.

Akwai wani lungu gindin mangwaro, bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Wuta ba ta kai can ba, tarakta ma ba ta iya shiga ba saboda saiwa. Da na rasa yadda zan yi sai na soka sanda a wurin kamar yadda take yi. Cikin kwana takwas ɗin nan na ɗaga bambaron na cusa hannu. Sanyi, damshi, tana na motsi. Taku biyu daga nan ƙasa na ƙona tafin hannu. Shinkafar lungun kore ce shar. Ɓera ya ci wani gefe, ban ɓoye maka ba. Amma ɓera abin da ya samu yake ci, a sauran gonar ko shi bai ga abin tsayawa ba.

Na tuna abin da ka rubuta, wai a da buhu biyu na taki ke isar ka, yanzu huɗu ba sa isa, wai ƙasarku ta gaji, in ta bushe sai ka ce siminti. Na dai tuna.

Maganar shaida tana nan. Ɗan wan Onorin ya zo daga Bimbo yana zuga ta. An gaya min ya ce ta ce ba ta ga komai ba, abinci kawai ta ajiye ta fita, kuma wa zai ƙaryata ta? Ya ce matar da ta kori gari guda daji, ta cike miki rijiya, ita za ki miƙa wa gona? Ni ma da ni ce ɗan wanta haka zan faɗa.

Ruƙayya ta ce in haƙura, kuɗin taksi-moto ma asara ne. Mijinta ya ce in kai wa matar turmin atamfa. Ban kai ba. In ta karɓa ta faɗi gaskiya, a ce saye na yi. In ta karɓa ta ƙi, na yi asara biyu. Waina na kai mata, ta ci shida, ta ce yis ya yi yawa. Sai na tambaye ta kai tsaye me za ta faɗa ranar zama. Ta ce maganar sau ɗaya za ta yi ta, kuma ba a gindin mangwaro ba.

Rijiyar mun yashe ta tare. Har yanzu ruwan na ɗanɗanon toka.

Ka sa ni a addu'a. A gai da Hureira.

Yayarka,
Suwaiba


Kilomita Biyar
Watan Nuwamba

Ƙanena Mahmudu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gai da Hureira da duk gida. Ina fata an yanke shinkafa lafiya. Mu nan sai godiya.

An yi zaman ranar Asabar a ƙofar mokonzi. Dattawa biyar, sai mutanen gari a tsaye, har da matar da ta bar tukunya a wuta, tana hararata. Ɗan wan Onorin ya zo da rigar coci. Ni kaɗai na je, Ruƙayya na da baƙi.

Mokonzi ya tambayi Onorin ko tana nan ranar da aka sayar wa Audi gona. Ta ce tana nan. Ta ce gozo ta tuƙa musu, tuwon rogo, da miyar ganye, Audi ya ƙi cin naman don bai san wa ya yanka ba, ya cinye miyar ya nemi ƙari. Aka yi dariya. Ta faɗi iyaka, daga mangwaro zuwa dutse, daga hanya zuwa bakin gonarta. Ɗan wanta ya tashi zai yi magana, ta ce ya zauna, ranar yana yawo ba wando.

Sai wani dattijo ya ce to wahalarta ta shekara tara fa, ba za ta nemi komai ba? Ta ce babu abin nema. Ta ce Audi jar ƙasa ya saya, kuma ga jar ƙasarsa nan matarsa ta karɓa, ba ta ragu ba. Baƙar da ke kai tata ce, ita ta tara ta da bambaro shekara tara, kuma matar Audi ta riga ta aiko mata da kayanta har gida, da taki a kai. Kowa ya riƙe nasa.

Nan ma aka yi dariya, ni ban yi ba. Mokonzi ya rubuta takarda ya buga hatimi. Ya ce sharaɗi ɗaya, in zan sake kyasta ashana a garinsa in fara zuwa in gaya masa ya ɗaura takalmi. Takardar tana cikin gwangwani, gwangwanin na hannun Imrana a shagonsa, ba na ajiye ta inda nake kwana.

Girbi kwando huɗu na samu a gonar duka. Guda daga lungun mangwaro ya fito. Na soya waina da shinkafar ranar Juma'a, ba wanda ya ji bambanci sai ni.

Da lauje na je yankan. Onorin ta karɓe shi ta miƙo min 'yar wuƙarta. Kai kawai na yanka, sauran na tattake. Bambaron nawa bai rufe ko rabin ƙasa ba, sai ta ce in ɗiba daga nata. Dami tara na hau da shi gangaren nan a ka, gwiwa tana faɗin abin da take faɗa. Na tambaye ta yaushe zai koma yadda na same shi. Ta ce yadda ta yi, shekara tara. Na ce mata ni ba ni da shekara tara. Ta ce ba ni ta ce ba, gonar tana da su.

Na san wannan takarda za ta same ka kana gaggawar alkama. Ban ce kada ka ƙona ba, ka fi ni sanin gonarka da sati biyunka. Amma ka bar lungu ɗaya, shimfiɗar tabarma uku, kada wuta ta taɓa, kada garma ta shiga. Ka soka sanda ka zuba alkamar. In an kwana biyu ba ban ruwa, ka ɗaga bambaron ka cusa hannunka, ba na ɗan aiki ba, naka. Ka rubuto min abin da ka ji.

Ranar da za ka sa wa sauran wuta, ka tura Hureira gidan 'yarta a Kura ta kwana uku.

Allah ya ba da sanyi mai albarka. Ka yi wa Audi addu'a, gonarsa ta dawo.

Yayarka,
Suwaiba matar Audi